Agustin na Hippo: Makiyayin da Ya Buɗe Lissafinsa a Gaban Garke

A ƙarshen shekara ta 425, a birnin Hippo da ke bakin Bahar Rum, inda garin Annaba na ƙasar Aljeriya yake a yau, bishop ɗin garin ya roƙi jama'arsa su cika majami'a kashegari, domin yana da magana da su. Sunansa Agustin. Shekarunsa 71, ya kuma yi wajen shekara 30 yana kiwon wannan garke. Waɗanda suka taru sun saba jin sa yana bayani a kan alherin Allah da zurfafan al'amuran bangaskiya, amma a ranar maganar kuɗi ya kawo musu. Ɗaya daga cikin limaman da ke zaune a gidansa ya rasu, sai aka tarar ya bar wasiyyar dukiya, alhali kuwa ya riga ya yi alkawari cewa ba shi da abin kansa. Zancen ya fara yawo a gari. Agustin bai bar shi a bakin masu tsegumi ba, ya ɗauko shi da kansa ya shimfiɗa a gaban kowa.

Masu bi da yawa sun san Agustin a matsayin babban malamin tauhidi, marubucin littafin Birnin Allah. Ba kowa ne ya san yadda ya riƙe kuɗin ikkilisiya ba. Wannan ɓangare na rayuwarsa ne za mu duba, domin a ciki akwai abin koyi, akwai kuma abin gargaɗi.

Tasowarsa da neman ɗaukaka

An haifi Agustin ranar 13 ga Nuwamba, 354, a garin Tagast, wanda a yau ake kira Suk Ahras a Aljeriya. Mahaifinsa Fatrisiyus ɗan majalisar gari ne mai 'yan gonaki, amma ba mai wadata ba. Mahaifiyarsa Monika kuwa mai bi ce, wadda ta yi shekaru tana kuka tana addu'a domin ɗanta. Yaron ya san ƙuncin rashin kuɗi tun da wuri. Yana ɗan shekara 16 ya zauna a gida shekara guda ba karatu, saboda mahaifinsa na ta harhaɗa kuɗin makaranta. Sai da wani attajirin garin mai suna Romaniyanus ya tallafa, sa'an nan ya sami tafiya Kartaj, babban birnin yankin, wanda kangonsa yake kusa da Tunis ta yau.

Ya ƙware a ilimin balaga, wato gwanintar magana a gaban jama'a, wanda a daular Roma shi ne tsanin hawa manyan muƙamai. Ya koyar a Kartaj, ya ƙetare zuwa Roma a shekara ta 383. A can ɗalibai suka nuna masa wani hali: sai su yi ta ɗaukar karatu, idan lokacin biya ya yi su gudu wurin wani malami. A shekara ta 384 ya sami babban aikin koyar da balaga a Milan, inda fadar sarki take a lokacin. Burinsa ya zama gwamna. Saboda wannan buri aka nema masa auren 'yar gidan masu dukiya, aka kuma sallami matar da ya daɗe yana zaune da ita, uwar ɗansa Adeyodatus. Da kansa ya rubuta daga baya cewa wannan rabuwa ta bar masa rauni mai zurfi. Ashe ya ga abin da son abin duniya yake jawowa tun kafin ya zama mai yi wa wasu wa'azi a kansa.

A shekara ta 386 ya tuba, ya bar aikinsa da zancen auren. Bishop Ambros na Milan ya yi masa baftisma a idin Tashin Almasihu na shekara ta 387. Monika ta rasu a wannan shekara a Ostiya, suna kan hanyar komawa gida. Da ya isa Tagast a 388, sai ya sayar da ɗan abin da ya gāda, ya ba matalauta, ya zauna tare da wasu abokai cikin addu'a da nazarin Maganar Allah.

Dukiyar da ba tasa ba

A shekara ta 391 ya ziyarci Hippo. Yana cikin taron sujada sai tsohon bishop ɗin garin, Faleriyus, ya yi maganar bukatar mataimaki. Jama'a suka kama Agustin suka kai shi gaba, aka keɓe shi limami yana hawaye. Bai zo wa ikkilisiyar da kome ba sai tufafin da ke jikinsa. Wajen shekara ta 395 aka naɗa shi bishop, ba da daɗewa ba kuma Faleriyus ya rasu, nauyin duka ya koma kansa.

Ya kamata mu gane irin zamanin. Ikkilisiya ta riga ta fita daga shekarun tsanani. Tun shekara ta 321 Sarki Kustantin ya yi doka wadda ta ba kowa damar bar wa ikkilisiya dukiya a wasiyyarsa, don haka gonaki da gidaje suka yi ta shigowa hannunta. Tare da su jaraba ta shigo. Abin ya kai ga a shekara ta 370 gwamnati ta yi dokar hana ma'aikatan ikkilisiya karɓar gādo daga gwauraye matan da suke kai wa ziyara, abin kunya ga masu ɗauke da sunan Almasihu. Ikkilisiyar Hippo ma tana da gonaki masu yawa. Agustin ya ƙiyasta cewa abin da ya bari na mahaifinsa da ƙyar ya kai kashi ɗaya cikin 20 na dukiyar da yanzu ake ganin shi ne mai iko da ita. Wanda ya guje wa dukiya, sai ga shi an ɗora masa wadda ta ninka tasa.

Matakin farko da ya ɗauka a cikin gidansa ne. Ya sa limamai da dikinoni su zauna tare da shi bisa ga gurbin Ayyukan Manzanni 4:32-35. Duk wanda zai shiga sai ya rabu da mallakarsa, ya ci daga tukunya ɗaya, ya sa tufafi daga ma'aji ɗaya. Almajirinsa Fosidiyus, bishop na Kalama, wanda ya yi kusan shekara 40 yana tare da shi, ya kuma rubuta tarihinsa, ya ce suturarsa da shimfiɗarsa matsakaita ne, ba na ƙawa ba, ba kuma na ƙazanta ba. Abincin gidan yawanci ganyaye ne da wake, nama kuwa saboda baƙi da marasa lafiya. Cokulan ne kaɗai na azurfa, sauran kwanuka na yumɓu ne, ko na itace, ko na dutse. Idan aka kawo masa kyautar riga mai tsada wadda ba zai iya bai wa wani dikin ya sa ba, sai ya sayar a ba matalauta kuɗin. Ya kuma sanar da jama'a haka a fili, domin kada mai kyauta ya yi mamaki daga baya.

Makulli da zoben hatimi

Agustin bai taɓa riƙe makullin ma'aji ba, bai kuma sa zoben hatimin da ake tabbatar da takardu da shi ba. Yakan ɗora kula da gida da gonaki a kan ma'aikatan da suka fi iyawa, bi da bi. Su ne suke rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a ƙarshen shekara kuma a karanta masa lissafin. Bai yarda ya saya wa ikkilisiya gida ko gona ba, ba ya ɗokin sababbin gine-gine, ko da yake bai hana masu so ba muddin ba su wuce gona da iri ba. Ba ya karɓar ajiyar kowa a hannunsa.

Idan gunaguni ya tashi cewa ma'aikata suna jin daɗin dukiyar ikkilisiya, yakan ce wa jama'a shi a shirye yake ya miƙa musu gonakin duka su riƙe, shi da abokan aikinsa su rayu da baikon masu bi kawai. Ba su taɓa yarda su karɓa ba. Idan kuɗi ya ƙare, yakan tsaya ya gaya musu cewa ba abin da zai ba matalauta. Sa'ad da bukata ta tsananta, ya sa aka farfasa tasoshin sujada masu daraja aka narkar, aka fanshi kamammu aka ciyar da mabukata da kuɗin, kamar yadda Ambros ya yi a Milan.

Wani ɗan labari ya nuna yadda yake tafiyar da bashi. Wani mai bi, Fasiyus, masu binsa bashin tsabar zinariya 17 suka matsa masa, ya gudo majami'a neman mafaka. Irin wannan tsaba ana kiranta solidus, kowace ɗaya nauyinta wajen giram huɗu da rabi. Agustin ya so ya sanar da jama'a a yi masa gudummawa, amma kunya ta hana Fasiyus yarda. Sai Agustin ya ranto kuɗin daga wani mai suna Makidoniyus ya biya, bisa sharaɗin cewa idan ranar biya ta wuce, za a sanar. Ranar ta wuce Fasiyus bai dawo ba. Agustin bai sa hannu a ma'aji a ɓoye ya toshe ramin ba. Ya rubuta wa ikkilisiya wasiƙa, ya faɗi yawan kuɗin, da wanda ya ba da rancen, da dalilin, ya roƙi a yi baiko na musamman, in bai isa ba limamai su cika daga kuɗin ikkilisiya da sanin kowa.

Duk da haka akwai rauni a tsarin, Fosidiyus ma bai ɓoye shi ba. A wurare da dama na lissafin shekara, Agustin yakan amince da maganar mai kula ba tare da ya bincika shaida ba. Zuciyarsa tana kan nazari da rubutu, yana ganin harkar kuɗi nauyi ce da ake jurewa. Wannan yarda marar bincike ta jawo masa baƙin ciki daga baya.

Kyautar da ya ƙi karɓa

Abin da ya fi ba mutanen Hippo mamaki shi ne yadda bishop ɗinsu yake mayar da wasu kyautai. Har suka riƙa ƙorafi cewa saboda halinsa ne ikkilisiyarsu ba ta samun gādo kamar sauran. Gaskiyar ita ce ya karɓi wasiyyoyi da dama, amma yana da ma'auni. Idan uba ya yi fushi da ɗansa ya hana shi gādo ya ba ikkilisiya, Agustin ba ya karɓa. Hujjarsa ita ce, da uban yana da rai, aikin makiyayi ne ya sulhunta su. To, ta yaya zai nemi sulhu tsakanin uba da ɗa alhali yana kwaɗayin rabon ɗan? Shawarar da yake ba iyaye ita ce su lasafta Almasihu kamar ɗaya daga cikin 'ya'yansu. Mai ɗa ɗaya ya ɗauke shi na biyu, mai 'ya'ya goma ya ɗauke shi na goma sha ɗaya. Ta haka aikin Allah ya sami rabo, ba a kuma bar magada da hannu wofi ba. Wannan ya yi daidai da tsawatawar Ubangijinmu a Markus 7:9-13 ga masu fakewa da keɓe wa Allah dukiya domin su tauye hakkin iyali.

Ya kan yaba wa Aureliyus, bishop na Kartaj, a kan wani abin da ya yi. Wani marar ɗa ya ba ikkilisiya dukiyarsa duka, daga baya Allah ya ba shi haihuwa. Aureliyus ya mayar masa da kome, ko da yake mutumin bai sa rai ba. Dokar ƙasa ta ba bishop damar riƙewa, amma a ganin Agustin shari'ar sama ba ta ba shi ba.

Ya kuma ƙi gādon wani mai suna Bonifas, wanda ke da jiragen ruwa masu kai hatsin gwamnati Roma. A dokar lokacin, idan jirgi ya nutse, akan azabtar da matuƙan da suka tsira domin a binciki dalili, mai jirgi kuma yana iya biyan asara. Agustin bai ga yadda ikkilisiyar Almasihu za ta miƙa mutane ga azaba saboda riba ba. Bai kuma yarda ta tara zinariya tana jiran ranar asara ba, alhali mabarata suna bakin ƙofa kullum.

Wani babban mutum ɗan Hippo mazaunin Kartaj ya aiko da takardar mallakar gonarsa kyauta ga ikkilisiya. Bayan wasu shekaru ya sake tunani, ya aiko ɗansa ya karɓo takardar, tare da solidus 100 domin matalauta. Agustin ya mayar da takardar nan take, ya ƙi karɓar kuɗin, ya kuma rubuta wa mutumin wasiƙar tsawatawa cewa ya tuba ga Allah. Bai kai shi kotu ba, bai kuma bari a rufe bakinsa da kyauta ba.

Sa'ad da zargi ya faɗo kansa

A shekara ta 410 birnin Roma ya faɗa hannun mayaƙan Got, manyan attajirai suka gudo Afirka. Cikinsu akwai Finiyanus da matarsa Melaniya da surukarsa Albina, masu bi waɗanda ke rarraba dukiyarsu mai ɗimbin yawa. Suka zauna a Tagast. A shekara ta 411 Finiyanus ya ziyarci Hippo, sai jama'a suka ta da hayaniya a majami'a cewa lalle a keɓe shi limaminsu, kamar yadda suka yi wa Agustin shekara 20 da suka wuce. Agustin ya riga ya yi masa alkawari ba zai keɓe shi dole ba, ya kuma tsaya a kan alkawarin. Amma taron bai watse ba sai da Finiyanus ya rantse zai zauna a Hippo, idan kuma zai taɓa karɓar aikin limami, to, a nan ne.

Albina ta ce kwaɗayin dukiyar surukinta ne ya sa mutanen Hippo suka yi haka. Agustin ya gane cewa zargin a kansa yake sauka, tun da bishop ne ake gani yana juya dukiyar ikkilisiya. Ya rubuta wa abokinsa Alifiyus, bishop na Tagast, cewa bai kamata su yi fushi da masu irin wannan zato ba, sai dai su warkar da shi, domin bai isa lamirinsu ya zama da tsabta a gaban Allah kaɗai ba. Ya rubuta wa Albina doguwar wasiƙa, ya kira Allah shaida cewa jure wa harkar dukiyar yake yi, ba ƙaunarta yake yi ba. Masu tarihi da yawa suna ganin bai kyauta ba da ya nace cewa rantsuwar da aka yi cikin matsi tana nan daram. Amma abin lura shi ne bai ɗauki tambaya a kan kuɗi a matsayin raini ga muƙaminsa ba. Ya amsa ta dalla-dalla.

Kuskuren da ya fi yi masa ciwo

Akwai wani ƙauye mai suna Fusala, mil 40 daga Hippo, inda mutane suke magana da harshen Funik. Agustin ya ga ya kamata su sami bishop nasu. Ya shirya wani limami, ya gayyato tsohon shugaban bishop-bishop na lardin Numidiya daga nesa, amma a ranar naɗi mutumin ya janye. Don kada tafiyar tsohon ta zama banza, Agustin ya miƙa wani saurayi mai suna Antoninus, wanda ya girma a gidansa tun yana yaro, mai karatun Nassi ne kawai, shekarunsa sun ɗan wuce 20. Ya san harshen, amma ba a gwada halinsa ba.

Antoninus ya zama ƙarfen ƙafa ga garkensa. Mutanen ƙauyen suka kawo ƙara cewa ya ƙwace musu kuɗi, da tufafi, da dabbobi, da amfanin gona, har da katako da duwatsun gini, ya gina wa kansa gida. Majalisar bishop-bishop ta umarce shi ya mayar da abin da ya ƙwace, ta hana shi cin Jibin Ubangiji sai ya biya, ta kuma raba shi da Fusala, amma ta bar masa muƙaminsa. Ya ɗaukaka ƙara zuwa Roma. Wajen shekara ta 423 Agustin ya rubuta wa Selestin, bishop na Roma, ya amsa cewa gaggawarsa da rashin lurarsa ne suka jawo wa talakawan nan wannan masifa, har ya ce yana tunanin ajiye aikinsa idan aka mayar musu da Antoninus da ƙarfin hukuma. Wata doguwar wasiƙarsa a kan wannan batu tana cikin waɗanda masanin nan Yohanes Dibyak ya gano, aka buga a 1981. Gargaɗin Manzo Bulus a 1 Timoti 5:22 game da gaggawar ɗibiya hannu ya cika a kan babban malamin Nassi kansa.

Wasiyyar Janwariyus

Yanzu sai mu koma ga taron da muka fara da shi. Limamin da ya rasu sunansa Janwariyus. Sa'ad da ya shiga gidan bishop ya rarraba dukiyarsa, amma ya rage wasu kuɗi, ya ce na 'yarsa ne wadda ba ta kai shekarun riƙe dukiya ba, tana kuma gidan keɓaɓɓun mata. Aka yarda da maganarsa, ba wanda ya sake bincika. Da ya ga mutuwa ta matso, sai ya yi wasiyya da kuɗin a matsayin nasa, ya hana 'yar da ɗan'uwanta namiji, ya sa ikkilisiya ta zama magajiya. 'Ya'yan biyu suka shiga jayayya.

Ikkilisiya ce za ta ci riba, ba kuma dokar da ta hana ta karɓa. Agustin ya gaya wa jama'a cewa ba zai karɓa ba. Ko da Janwariyus ba shi da 'ya'ya, kuɗin 'ya'yan yaudara ne. Ya ce zai zauna da wasu amintattu daga cikin 'yan ikkilisiya su raba gardamar yaran. Sa'an nan ya ba dukan ma'aikatan gidansa wa'adi zuwa idin Bayyanuwar Almasihu, ranar 6 ga Janairu, kowa ya bayyana abin da yake da shi ya kuma rabu da shi. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya fita ya zauna a gidansa, ba za a tuɓe shi ba, gama gara gurgu a fili da munafuki a ɓoye. Ya yi alkawari zai dawo ya ba da rahoto.

Ya kuwa dawo a farkon shekara ta 426. Wani dikin mai suna Li'azaru ya karanta Ayyukan Manzanni sura 4, Agustin ya karɓi littafin ya sake karantawa da kansa. Ya sanar cewa 'ya'yan Janwariyus sun sulhunta. Daga nan ya bi ma'aikatansa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Wannan yana da gonar da bai gama rabawa da ɗan'uwansa ba. Wancan yana da bayin da za a 'yanta. Bai tsallake ɗan ɗan'uwansa Fatrisiyus ba, wanda maganar gādonsa ta haɗa da 'yan'uwansa mata. Ya bayyana inda limami Leforiyus ya sami kuɗin gina masaukin baƙi. Ya wanke limami Barnaba daga jita-jitar cewa ya sayi gona, amma ya faɗi gaskiya cewa a shekarar da ya riƙe ma'aji ya ci bashi saboda rashin ƙwarewa, ya kuma nuna yadda ake biyansa. Da yake dukansu sun zaɓi su zauna bisa ga alkawarin, ya ce daga ranar duk wanda aka kama da ɓoyayyar dukiya zai soke sunansa daga cikin ma'aikata, ko ina ya kai ƙara.

Dalilinsa na yin haka shi ne, lamirin mutum domin kansa ne, amma sunansa na kirki domin maƙwabcinsa ne. Mai hidimar da ya dogara ga tsabtar lamirinsa ya ƙyale sunansa ya ɓaci, yana cutar raunanan da ke kallonsa. Wannan ita ce hanyar da Bulus ya bi a 2 Korantiyawa 8:18-21, sa'ad da ya sa ikkilisiyoyi su zaɓi waɗanda za su raka gudummawar Urushalima, domin kada a sami abin zargi.

Ƙarshen kwanakinsa

A watan Satumba na 426 ya gabatar da Erakliyus a gaban jama'a a matsayin wanda zai gāje shi, aka rubuta abin da aka yi. A shekara ta 429 mayaƙan Bandal suka ƙetaro daga Sifen, a 430 suka kewaye Hippo. A wata na uku na kewayewar zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya sa aka rubuta zaburan tuba aka manna a bango inda zai iya karantawa. Ya rasu ranar 28 ga Agusta, 430, yana da shekara 75. Bai bar wasiyya ba, domin ba shi da abin da zai yi wasiyya da shi. Kayan ikkilisiya suna hannun limamin da ke kula da gidan. Danginsa kuwa, tun yana da rai yakan taimake su kamar sauran mabukata, don kada su rasa, ba don su yi arziki ba. Abin da ya yi ta jaddadawa shi ne a kiyaye ɗakin littattafan ikkilisiya domin na baya.

Abin da ya rage gare mu

Ya ku 'yan'uwa cikin Almasihu, Agustin bai taɓa cin ko anini na ikkilisiya ba, duk da haka an yi ɓarna a ƙarƙashinsa sau biyu, domin ya yarda da mutane ba tare da bincike ba. Tsabtar hannun shugaba ba ta isa ta tsare baikon jama'a ba, sai an haɗa da lissafi a buɗe wanda wasu za su duba. Fasto ko ma'ajin da aka tambaye shi rahoto, kada ya ce an raina shi. Dattijon da ya nemi ganin rasit, kada a ce ba shi da bangaskiya. Wannan ya shafi majalisar dattawa, da zumuntar mata, da ƙungiyar matasa, da kwamitin gini duka.

Ya kuma shafi gidajenmu. Baikon da aka tauye hakkin gwauruwa ko maraya aka kawo, ba ya zama mai tsarki don ya shiga faranti. Uban da ke shirin rabon abin da Allah ya ba shi, ya tuna da aikin Ubangiji, ya kuma tuna da 'ya'yansa mata da maza, ya bayyana nufinsa tun yana da rai. Ikkilisiyar da ta iya cewa a'a ga kuɗin da ke da hawayen wani a kansa, ita ce za a saurara sa'ad da ta yi wa duniya wa'azin gaskiya.

Ubangiji ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, ya kuma ba mu zuciyar da ba ta gudun haske. Amin.